Albasar Baƙon Gari

Ni ɗan fari ne, don haka na tashi ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. A garinmu Dangora wannan ba abin ba da labari ba ne, haka muka tarar ana yi. Idan Inna tana nemana sai ta ce da ƙanwata, "Ki ce da yayanku ya zo." In na zo na durƙusa, sai ta dubi bango ta faɗi abin da za ta faɗa, kai ka ce bangon ne zai je cefanen. Tun da aka yaye ni kakata ta ɗauke ni, a ɗakinta na yi wayo. Ranar da na faɗo daga bishiyar mangwaro aka shigo da ni hannu yana reto, Inna tana tsakar gida tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. Sai da na girma kakata ta gaya min cewa garin ya daɗe da ƙarewa a rariyar nan, iska kawai take tankaɗewa.

A shekarar da zan ba da labarinta ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Tudun Wada. Shekara da shekaru ina zana teku a allo, ina yi wa yara bayanin igiyar ruwa da hannu da ƙafa, alhali ruwan da ya fi kowanne girma a idona shi ne dam ɗin Tiga. Abin yana cina a rai. Ga shi kullum ina ganin hotunan Turawa a waya, kowa da ƙatuwar jaka a baya, yana yawo ƙasa-ƙasa shi kaɗai, ba dangin iya ba na baba. Na ce da me suka fi ni? Na shiga Kano na sayi jakar goyo a wurin 'yan gwanjo, mai aljifai barkatai, wasu har yau ban san amfaninsu ba.

Dogon hutu kuwa da damina yake zuwa, ana tsakiyar maimai, wato noma na biyu. Na sami Baba a ƙofar gida yana wasa fartanya, na durƙusa na gaya masa zan yi tafiya ƙasar Ghana.

"Fatauci za ka?"

"A'a, Baba."

"Karatu gwamnati ta tura ka?"

"A'a."

"To ziyara ce? Wa muke da shi a can?"

"Ba kowa. Teku zan je in gani."

Ya dube ni ya ce, "Ka gani, sai kuma me?" Na ce sai in dawo. Ya ci gaba da wasa fartanyarsa, ya ce Allah ya tsare, ya kuma shirya.

'Yan majalisarmu ta bakin titi su ne suka kunna ni. Wani ya ce mutane suna tafiya ci-rani, ni na ƙirƙiro ci-damina. Wani ya ce kafin Juma'a ta zagayo za a kawo ni a bayan mota kwance a kan buhuna. Ni kuwa Allah ya yi ni da zuciyar kusa. Na miƙe tsaye na ce zan je in dawo da ƙafata, ba zan sauka a zango ba, wato unguwar Hausawa ta can, ba zan nemi alfarmar Bahaushe ko ɗaya ba, kuma ba wanda zai ji wani labari nawa a garin nan sai wanda na kawo da bakina. Suka tafa min. Tun kafin in isa gida na san na cika baki, amma magana zarar bunu ce.

Inna ba ta ce komai ba, ba ta kuma da hanyar cewa. Ranar tafiya da safe na shiga na yi mata sallama, ta dubi murhu ta ce Allah ya kiyaye hanya. Sai da na kai zaure ƙanwata ta biyo ni da wani ƙulli a leda.

"Inna ta ce garin sabara ne, saboda ciki. Kuma ta ce duk garin da ka sauka, ka fara neman albasar garin ka ci ɗanya kafin ka sha ruwansu."

Na yi dariya. Na tsaya a zauren nan da jaka a baya ina yi wa yarinya lacca a kan ƙwayoyin cuta, da ƙarfi yadda zan tabbata ana jina daga ciki. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "To, ni dai na faɗa." Na cusa ƙullin cikin kaya don kada a ce na raina.

Ta Kamba na fita, na ɗan ratsa Nijar, na shiga ƙasar Benin. Kwanakin farko lafiya lau. Duk yamma ina kiran ƙanwata in ba ta labari, na kuma san a bayyane take sa wayar, domin nakan ji dakan da ake yi a tsakar gida ya tsaya, sai na kashe ake ci gaba. Abu ɗaya ne ya dame ni: duk tashar da na sauka sai na ji Hausa. Mai shayi Bahaushe, mai tsire Bahaushe, mai gyaran takalmi Bahaushe. Sai in tamke fuska in wuce, in kuwa dole ta sa na tsaya, in yi magana da Turanci ina taunar harshe. Ƙanshin tsire yana bina, ni kuwa ina zuwa in zauna gaban abincin da ban san sunansa ba.

A hanyar Kwatano aka fara yi min tarbiyya. Kwandasta ya ce jakata ta cika girma, sai a saman mota. Na ji labarin masu yankan aljihu, don haka na yi dabara na tura wayata can cikin jakar. Kwandastan ya rantse min akwai tamfol. Akwai kuwa, amma ya fi rariyar Inna ƙofofi. Ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya tun daga tsakiyar hanya har muka sauka. Da na buɗe jakar, waya ta sha ruwa ta mutu murus. Ledar sabara ta fashe, garin ya dame ya zama kunu, ya rine min farin kaftanin da na tanada don ɗaukar hoto a bakin teku. Na tsaya a tasha ina zagin kwandasta da Hausa tsantsa, na manta da Turancin.

A nan na gane cewa ni da nake sa yara haddace manyan biranen duniya, ban haddace lambar kowa a gidanmu ba. Gaskiya ban damu yadda ya kamata ba. Har wani sanyi na ji, na ce yanzu ne na zama matafiyi na gaske. Ban tsaya na yi tunanin dakan da zai riƙa tsayawa duk yamma ana jiran wayar da ba za ta yi ƙara ba.

Na ratsa Togo, na ci abin da na samu, na sha ruwan da na samu. Na hango teku ta tagar mota amma na ƙi lissafa shi a gani, sai da na sauka a wani ƙaramin gari na masunta a Ghana. Na ajiye jaka a masauki na gangara. Gani ya kori ji. Ban ji daɗin da na zata ba, tsoro na ji. Ruwa ba gaɓa a ɗaya ɓangaren, yana ta gurnani ba hutawa, yana zuwa yana janye yashin da ke ƙarƙashin ƙafata. Na tsoma yatsa na lasa, gishiri ne kamar yadda na sha faɗa wa yara. Ina tsaye a wurin cikina ya yi wata irin murɗawa, na ce gajiyar mota ce.

Masaukin irin na masu jakar goyo ne. Ɗaki ɗaya, gadaje masu hawa biyu, kowa da nasa. Ni aka ba na sama. Bayi ɗaya ne tak, an yi shi da katako, bangon bai kai rufi ba, kuma jikinsa ne barandar da baƙi ke zama su karya kumallo. Babu buta. Robar ruwa na huda wa murfi na mai da ita buta, ina ɓoye ta cikin riga kamar kayan sata.

Washegari zawo ya sauka da zazzaɓi. Wanda bai taɓa saukowa daga gadon sama yana matse da ciki ba, bai san tsawon tsani ba. In na shiga bayi sai in buɗe famfo, in yi ta tarin ƙarya don in rufe abin da ba ya rufuwa. Sai in ji hirar baranda ta ɗauke ɗif. Can sai su ci gaba da ƙarfi fiye da da, don su nuna min ba su ji komai ba, wannan kuwa ya fi shirun ciwo. In na fito sai in bi ta gabansu ina murmushi ina ɗaga hannu, kamar wanda ya dawo daga ɗaurin aure. A gida mutum yakan ɗauki buta ya zagaya ba wanda ya dube shi. A nan kuwa Turawa da cokulansu sun san cikina fiye da yadda na san shi.

Mai masaukin wata mata ce mai jiki, mai fara'a. Ta tare ni a ƙofa ta ce da Turanci, "Fuskarka ta canja. Lafiya kuwa?"

Na ce da sauƙi.

"In kira mota a kai ka asibiti?"

"A'a, kada ki wahalar da kanki."

A garinmu wannan amsa ita ce matakin farko. Mara lafiya ba ya cewa jiki ya tsananta, ko ana tallafe da kansa da sauƙi zai ce. Mai tambaya shi ne zai ce haba, wace wahala, ya kira mutane a ciccibe ka kana cewa a bari. Ina tsaye ina jiran ta ce haba. Ta ce, "To, shi ke nan," ta koma kan gugarta. Wani Bature da ke gadon ƙasa da nawa ya zaro maganin gishiri da sukari ya miƙo min. Na ce na gode, ina da shi. Ya ce madalla, ya mai da cikin jakarsa ya ja zif. Na bi maganin nan da ido kamar maraya. Na hau gado ina huci, ina cewa a raina wane irin mutane ne waɗannan da ba su san kara ba, a ce maka a'a sau ɗaya ka yarda? Alhali ba su yi min komai ba sai mutunci, sun ɗauke ni babban mutum wanda ya san abin da yake faɗa.

Haka na yi ta fama har na daina sanin ranaku. Sallah a zaune nake yi a kan gado, da taimama a jikin bango. Idona ya faɗa, wandona ya fara zamewa. Duk da haka abin da ke raina ba mutuwa ba ne, majalisa ce. In na rufe ido sai in ga bayan motar nan da buhuna. In ka ji ƙi-gudu, sa-gudu ne bai zo ba: wata hantsi na farka ba abin da nake tunawa sai saƙon Inna. Na san lokacin albasa ya wuce, rigakafi ce ba magani ba. Amma ita kaɗai ce abin da zan iya nema ba tare da na roƙi kowa ba. Na lallaɓa na sauko, na kama hanyar kasuwa ina dafa bango.

A can ƙarshen kasuwa na sami rumfar albasa. Wani dattijo mai farin gemu yana zaune a kan benci tsakanin buhuna. Tun daga hularsa na san Bahaushe ne, amma ba ni da ƙarfin neman wata rumfar. Na tambayi kuɗin albasa da Turanci. Ya zaɓo guda biyu ya miƙo min, na karɓa.

"Sannu, ɗan samari," ya ce da Hausa. "Jikin ne?"

Daga baya ya gaya min yadda ya gane. Wai na rusuna, na karɓa da hannun dama na tallafe da na hagu. Ya ce baki yana iya yin Turanci, amma gwiwa ba ta iyawa.

Na buɗe baki zan ce da sauƙi, sai cikina ya riga ni. A tsaye, da rana tsaka, a tsakiyar kasuwa, ga mata masu kifi a gefe. Na ji ɗumi yana bin ƙafata. Ban taɓa roƙon Allah ya tsaga ƙasa in shige da gaske ba sai ran nan. Gwiwata ta saki, na zube a gindin buhu, idona biyu, ina ganin komai.

Dattijon nan ya dube ni sau ɗaya ya gane. Ya yi wuf ya suri bokitin ruwan da ke gefensa, ya ɗaga murya da yaren garin da kuma Hausa, "Ya suma! Ku matsa, ya suma!" Ya sheƙa min ruwan tun daga kai har ƙafa. Ya karɓi na maƙwabcinsa ya ƙara. Kafin mutane su taru na jiƙe sharkaf, ruwa ya bi kwata da komai, ba mai iya cewa ga abin da ya faru. Ya sunkuyo kamar yana duba numfashina, ya ce a hankali, "Rufe idonka." Na rufe. Ya lulluɓe ni da buhun da ba komai, ya ja ni bayan rumfa, ya ba ni buta da sabulu da wani wandonsa, ya juya min baya.

Da na kintsa ya zauna a gabana.

"Ɗan ina ne?"

"Kano."

"Kano da faɗi. Wane gari? Ɗan wane ne?"

Na kama hannunsa na ce, "Baba, don girman Allah kada a ji a gida."

Ya ce, "Wanda ya kamata a rufe na rufe maka, kuma ba mai jinsa daga bakina har in mutu. Amma wannan ba naka ba ne kai kaɗai. Baƙo ba ya kwanta ciwo a hannunmu ba mu san gidansu ba. In ta Allah ta kasance, wa zan gaya wa? In binne ka kamar kaza?"

Ba wanda ya taɓa ambata min mutuwa a fuska haka. Na faɗi garinmu, na faɗi sunan Baba, ina faɗa ina jin alkawarin da na yi wa majalisa yana bin kwata shi ma.

Bai tambaye ni ko ina son asibiti ba. Na ce a bari, ba sai an je ba, ya ce haba, ya kira mutum biyu suka ciccibe ni. Wallahi ina cewa a bari ina jin daɗi. Aka ce taifot ne ya haɗu da zazzaɓin sauro, aka ɗaura min ƙarin ruwa. Da aka sallame ni, ya sa aka ɗauko jakata daga masauki, ya shimfiɗa min katifa a zaurensa, a tsakiyar zangon da na rantse ba zan taka ba. Mutumin Nijar ne, ya tsufa a can yana sayar da albasa. Matarsa ta aiko min da kunun tsamiya, ƙanshin kawai na ji hawaye ya zubo min.

Neman gidanmu bai ba shi wahala ba. Akwai wani direban babbar mota ɗan Kiru da ke kawo musu kaya. Direban ya kira wansa a Kwanar Dangora, wan ya hau babur. Nisan da na yi kwana da kwanaki ina ci, labarina ya cinye shi tsakanin azahar da la'asar.

Bayan la'asar ɗin dattijon ya shigo da waya a hannu ya kara min a kunne. Muryar ƙanwata ce, tana kuka tana faɗa, wai tun da wayata ta ɗauke ba a sake cin abincin kirki a gidan ba. Ina jin hayaniyar mata a bayanta, alamar gida ya cika, domin labarin da ya isa ya fi ciwon girma. Sai na ji an yi shiru, wayar ta canja hannu. Ba a yi magana ba, numfashi kawai nake ji. Inna ba ta taɓa riƙe waya da ni a ɗaya gefen ba, amma na san ita ce.

Na so in ce, "Inna, ina wuni, da sauƙi." Na tattara ƙarfina, sai maganar ta ƙi fita. Kunya ce da kuka da rashin ƙarfi suka haɗu. Bakina yana motsi ba sauti. Shirun ya yi tsawo. Ni na san ina raye, dattijon da ke riƙe da wayar ya sani, amma ita a Dangora ba abin da take ji sai shiru.

Sai ta kira sunana.

Ba a hankali ba. Da ƙarfi ta kira shi, cikakke, yadda aka raɗa min, da wata murya da ban san tana da ita ba. Ta sake kira. Na ji hayaniyar matan nan ta ɗauke gaba ɗaya.

Na ce, "Na'am, Inna."

Ta yi ajiyar zuciya. Sai na ji muryarta ta yi nisa, ta koma irin wadda na sani, tana cewa, "Ungo. Ki tambayi yayanku ko yana iya cin abinci."

Dattijon ya ɗauke wayar. Ya ga fuskata, ya ce, "Ɗan fari ne kai?" Na ɗaga kai. Ya fita ya sakaya min ƙofa.

Da na sami ƙarfi direban nan ne ya dawo da ni. A gaba ya zaunar da ni, amma akwai gado a bayan kujerarsa, kuma rabin tafiyar a kwance na yi ta. A Kwanar Dangora na sauka, jaka tana rinjayata. 'Yan majalisa sun yi abin da na san za su yi. Suka tambaye ni ko na taho musu da tekun a gora, wanda ya yi maganar bayan mota ya ce a ba shi tukuicinsa. Na yi mamakin yadda abin bai yi min zafi ba. Wannan ne abin da na kusa mutuwa don gudunsa, ga shi ko kwana biyu bai yi ba suka koma hirar taki. Baba kuwa cewa ya yi, "Ka gani?" Na ce na gani. Ya ce to madalla, ga gero can yana jiran mai gani.

Inna tana tsakar gida tana ɓarar masara lokacin da na shiga. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dubi kwando ta amsa, ta ce da ƙanwata, "Ki ba baƙonku ruwa." Na ji sanyi a raina, na ɗauka komai ya koma yadda yake.

Sai da mata suka fara zuwa yi min barka na gane bai koma ba. Gwaggona, yayar Baba, wadda bakinta ba ya da linzami, ta shigo tun daga zaure tana guɗa. Ta dube ni ta ce sannu da arziki, sannan ta juya kan Inna a gaban kowa.

"Ashe kin san sunan! Mu muna nan muna cewa kin manta. Sake faɗa mana mu ji, ran nan ban ji da kyau ba."

Mata suka kwashe da dariya. Ba da mugunta suka yi ba, wasa ne irin nasu. Amma na ga Inna, mace mai furfura, wadda ko a gidan mutuwa ba a taɓa jin muryarta ta fi ta wani ba, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tashi ta bar masararta ta shige ɗaki da sauri har tana tuntuɓe da kwando. Ƙanwata ta gaya min daga baya cewa tun ranar wayar ake yi mata haka, a gidan suna, a gidan biki, har ta daina fita sai dole. Abin da ta riƙe tun tana yarinya, tun kafin in san kaina, ta riƙe shi ranar da hannuna ya karye, ta riƙe shi ranar da na gama makaranta, ni na je bakin teku na ƙwace mata shi a gaban mutane. Abin da ya same ni a kasuwa an sami mai bokiti ya rufa min. Ita ba wanda ya sheƙa wa ruwa.

Ban taɓa ba ta haƙuri ba, domin ba hanyar da zan bi in ɗauko maganar ba tare da na ƙara mata wata kunyar ba. Abin da na iya kawai, duk tafiyar da zan yi bayan nan, ko nan kusa Doguwa ce, nakan tsaya a zaure in ce da ƙanwata da ƙarfi, yadda za a ji daga ciki, "In na sauka zan nemi albasa." Ba a taɓa amsawa ba.

Inna ta rasu shekarun baya. Har ta koma ga Allah ban sake jin sunana a bakinta ba. Yara a aji suna tambayata yadda ƙarar teku take, nakan kwatanta musu, amma gaskiya ta fara ɓace min. Muryar nan ce ba ta ɓace ba. Kuma abin da ya fi ba ni kunya a duk tafiyar, wanda ban taɓa gaya wa ko ƙanwata ba, shi ne a zauren dattijon nan, da ta kira na farko, ina da ƙarfin amsawa. Na yi shiru ne don ta sake.